Tsibirin Fengwin: Inda Ake Wanke Takalmi Kafin a Gai da Tsuntsu

 A wannan fitowa tafiya za mu yi mai nisa, don haka kowa ya gyara zama.

Da yawanku kun taɓa ganin hotonsa a littafi ko a talabijin. Tsuntsu ne mai tsayawa ƙyam kamar mutum, bayansa baƙi, cikinsa fari fat, in yana tafiya yana rangaji kamar yaron da ya zurma babbar rigar babansa. Turawa na ce masa fengwin, Larabawa kuma biɗriƙ. Mu dai ba mu da sunansa da Hausa, domin kakanninmu ba su taɓa haɗa hanya da shi ba. Irinsa ya kai kashi 18, kuma kusan dukkansu a kudancin duniya suke zaune. Har nahiyarmu tana da nata guda ɗaya, a gaɓar tekun Afirka ta Kudu da Namibiya, mai kuka sak na jaki. Amma wanda ke son ya ga fengwin a inda ya yi dandazon da ido ba ya iya ƙirgawa, sai ya nufi wasu tsibirai da ke can ƙurya, dab da Antaktika, nahiyar ƙanƙara. Ɗaya daga cikinsu za mu ziyarta, sunansa Jojiya ta Kudu.

Ɗauko taswirar duniya, mai karatu. Ɗora yatsanka a kan Legas, ka shiga tekun Atlantika, ka yi ta gangarawa kudu kana ɗan karkatawa yamma. Ka wuce daidai ƙarshen Afirka, kada ka tsaya. Kafin ka kai farin nan na ƙasan taswira za ka ga wani ɗan ɗigo siriri shi kaɗai a tsakiyar ruwa. To, shi ne. Tsawonsa wajen kilomita 170, wato kamar daga Kano zuwa Katsina, amma faɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duwatsu ne masu tsini, mafi tsawonsu ya haura mita 2,900, kuma fiye da rabin tsibirin ƙanƙara ta lulluɓe shi rani da damina. Babu itace ko ɗaya, babu gari, babu kasuwa, babu filin jirgin sama. Mutanen da ke kwana a can 'yan ƙalilan ne, ma'aikatan hukuma da masu binciken kimiyya, su ma zuwa suke yi su koma. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, Kyaftin Jemis Kuk, ya sauka a wurin a Janairun 1775, ya raɗa masa sunan sarkinsu Joji na 3. Ingila ke mulkinsa, Ajantina kuma na cewa nata ne, har suka gwabza a kansa a 1982.

Za ka ce, to me tsuntsu zai ci a kan dutse da ƙanƙara? Ai ruwa ba ya tsami banza. Abincin yana cikin teku. A wannan yanki ne ruwan sanyi mai tasowa daga Antaktika ke haɗuwa da ruwa mai ɗan ɗumi daga arewa, kuma wannan haɗuwa ke sa tekun ya cika da ƙananan halittu. Babba a cikinsu ita ce kiril, wata 'yar mitsitsiya mai kama da jatan lande, tsawonta bai wuce ɗan ƙaramin yatsanka ba, amma takan taru ta rine ruwa ya yi ja. Kifi na cin ta, tsuntsaye na cin ta, manyan dabbobin teku na cin ta. Shi fengwin ɗan ruwa ne, a can yake yawancin rayuwarsa. Abu biyu kawai ke fito da shi tudu: ƙwai, da canjin gashi. Tun da kuwa tudun ya yi ƙaranci a wannan makeken teku, dole kowa ya zo nan a matsu.

Mu ƙaddara Allah ya hore maka, ka tashi zuwa. Na ce ya hore maka, domin kuɗin jirgin ruwan kaɗai yakan haura dala 10,000. Sai ka bi jirgin sama zuwa Ajantina, ka gangara Ushuwaya, gari na can ƙarshen Amurka ta Kudu. Daga nan sai ruwa. Yawancin jirage kan yada zango a tsibiran Fokland, sa'an nan su ci wajen kilomita 1,400, kwana biyu zuwa uku ba ka ganin komai sai igiyar ruwa mai juya hanjin mutum. Lokacin zuwa kuwa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Maris. Ka tuna abin da aka koya maka a aji: in muna cikin hunturu, kudancin duniya na cikin zafinsa. Amma kada kalmar zafi ta ruɗe ka. Zafin can galibi wajen digiri 5 ne. Sanyin asubar Janairu da ke sa ka maƙale a bargo har sai Inna ta ɗaga murya, a can rana ce mai daɗi. A Disamba kuma rana kan yi wajen awa 17 ba ta faɗi ba.

Tun kafin ka hango tsibirin za a tara ku a cikin jirgi, a ce kowa ya kawo kayan da zai sauka da su. Za ka juye aljihunka a zuƙe ƙurar da na'ura. Za a ba ka tsinke ka bi ɗinkin jaka da ƙasan takalmi kana tsince duk wani ɗan iri na ciyawa da ya maƙale, kamar yadda ake cire ƙarangiya a wando. Takalmin kuma a goge shi da buroshi, a tsoma shi cikin ruwan magani. Jami'an tsibirin kan hau jirgi su duba da idonsu. Akwai ma karnukan da aka horar, masu shinshina jirage a Fokland ko ɓera ya ɓuya a ciki. Baƙo kan ji haushi, ya ce duk wannan don tsuntsu? Riƙe tambayar, za mu dawo kanta.

Wurin da ya fi suna shi ne gaɓar Sen Andurus. Babu matsayar jirgi, sai a zuba ku cikin ƙananan kwalekwalen roba masu inji, kuma ba a yarda mutum fiye da 100 su taka ƙasa a lokaci guda ba. Sau da yawa ma iska kan taso daga kan duwatsu ta hana sauka, mutum ya biya kuɗinsa ya kalli wurin daga nesa ya juya. In an dace, hanci ne ke fara ba ka labari. Ka san warin akurkin kaji da aka kwana biyu ba a share ba? Haɗa shi da na kasuwar kifi. Sa'an nan kunne: ƙara kamar an tara masu kakaki dubu kowa na busa nasa. Daga ƙarshe ido. Tun daga bakin ruwa har gindin dutse tsuntsaye ne tsaye, ma'aurata fiye da 100,000, ban da 'ya'yansu.

Waɗannan su ake kira sarkin fengwin. Tsayinsa wajen santimita 90, kamar yaro ɗan shekara biyu zuwa uku, nauyinsa kilo 11 zuwa 16. A gefen kansa da ƙirjinsa akwai launin ruwan lemo mai ɗaukar ido, kai ka ce da hannu aka shafa. Duk da sunan nasa, akwai wanda ya fi shi girma, amma wancan a kan ƙanƙarar Antaktika yake, ba ya haihuwa a nan.

Yanzu dubi ƙafafunsu da kyau. Za ka ga wasu sun tsaya cik, da wani ƙullutu a ƙasan ciki. Ƙwai ne. Sarkin fengwin ba ya yin sheƙa. Macen kan saka ƙwai guda ɗaya tak, a ɗora shi bisa ƙafafu, a rufe da fatar ciki. Kazar gidanku kwana 21 take yi a kan ƙwai, shi kuwa wannan sai ya yi wajen kwana 54. Kuma aikin na mutum biyu ne. Da ta saka, sai ta miƙa wa mijin, ta tafi teku neman abinci. Shi zai tsaya nan mako biyu ko fiye, ba ci ba sha, har ta dawo ta karɓe shi. Wajen miƙa ƙwan nan ake taka-tsantsan, domin in ya gangare ƙasa ya yi sanyi, ko kuma sikuwa ta sure shi. Sikuwa ita ce shirwar wurin, kullum tana shawagi tana jiran wanda zai yi sakaci. To ka ga, in baƙo ya matso da garaje ya firgita mai ƙwai, aikin shekara guda ne ya zube.

Can gefe kuma za ka ga wasu dunƙula-dunƙulan halittu masu gashi ruwan ƙasa buzu-buzu, sun taru ɗaruruwa, wasu ma sun fi manyan ƙiba. Matuƙan jirgi na dā sun ɗauka wani irin tsuntsu ne daban. Ashe 'ya'yan ne. In ɗa ya yi wata guda da 'yan kwanaki, iyayen biyu kan bar shi cikin 'yan'uwansa su tafi kamun kifi, wani lokaci ɗaruruwan kilomita. To in uwa ta dawo da abinci a cikinta, yaya za ta gane nata cikin dubbai, alhali duk kamarsu ɗaya, kuma ba gida ba alama?

Ku da kuka san makarantar allo ba sai an wahala wajen yi muku bayani ba. Yara hamsin na karatu da ƙarfi, kowa da inda yake, wanda ke wucewa a titi hayaniya kawai yake ji. Amma Malam na zaune, sai ka ji ya kira sunan yaro ɗaya a can baya ya gyara masa wasali. Haka abin yake a nan. Uwa ko uba kan shiga taron yana tafe yana kira, kuma kiran kowane fengwin daban yake da na saura. Ɗan ya haddace na iyayensa tun yana kan ƙafafunsu. Da ya tsinkayi muryar cikin hayaniya sai ya amsa da fito, ya sheƙo. Masu bincike 'yan Faransa sun gwada wannan a tsibiran Kuroze: suka ɗauki muryar iyaye a na'ura, suka cakuɗa da ta wasu, suka kunna, ɗan ya ware ta iyayensa ko da ta sauran ta fi ƙarfi. In ɗan wani ne ya zo roƙo kuwa, saƙon baki zai sha.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ɗan ke ƙetare lokacin sanyi. Ƙwan da aka saka a Nuwamba ko Disamba kan ƙyanƙyashe wajen Janairu. Daga nan iyaye su yi ta ɗura masa kifi har Afrilu, ya yi ƙiba ya zama kamar tulu. Sai sanyi ya shigo, kifi ya yi nisa. Daga Mayu zuwa wajen Satumba iyayen ba sa leƙowa sai jefi-jefi, wani ɗan yakan yi wata uku ko fiye bai sa komai a baki ba. Kitsen jikinsa yake ci, yana tsaye cikin iska da ƙanƙara, sun cure wuri ɗaya suna ɗuma juna. Yakan rasa kusan rabin nauyinsa. Ƙanana da ba su tara kitse ba, ba sa kai labari. Wanda ya tsira, in abinci ya dawo a sake ciyar da shi, ya zubar da gashin ƙuruciya, ya shiga ruwa da kansa. Daga neman aure zuwa yaye, abin kan ci wata 14 ko fiye. Saboda haka iyayen da suka yaye ɗa bana sun makara wajen saka ƙwan baɗi, kuma ɗan makara da wuya ya rayu. Wani masani ɗan Ingila, Banad Sitonhaus, ya zauna a tsibirin daga 1953 zuwa 1955 yana bin su ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa in an yi sa'a ƙwarai, 'ya'ya biyu ma'aurata ke rayarwa cikin shekara uku. Kwatanta da kazar da ke zagaye tsakar gidanku da 'yan tsaki goma.

A bakin rafukan da ke gangarowa daga ƙanƙara za ka tarar da wasu manya tsaye jugum, gashinsu na zuba kamar tsohuwar katifa ta fashe. Ba ciwo ke damunsu ba. Sau ɗaya a shekara fengwin ke zubar da gashinsa kaf ya tsiro sabo, kuma kafin sabon ya kammala ba shi da halin shiga ruwa, don sanyi zai kashe shi. Wajen wata guda ke nan babu abinci. Duk takun da ka sa ya yi don gudunka, daga ɗan guzurin kitsensa ka cire. Shi ya sa doka ta ce tsakaninka da su aƙalla mita 5, kuma in suna kan hanyarsu ta zuwa ruwa, kai ne za ka tsaya su wuce.

Kada tafiyarsa ta tudu ta sa ka raina shi. In ya faɗa ruwa, fikafikan nan da ba sa tashi sama su ne matuƙansa. Ƙashinsa mai nauyi ne, ba holoƙo irin na tattabara ba, don ya ji daɗin nutso. Sarkin fengwin kan nutsa fiye da mita 300. In rijiyar unguwarku gaba goma ce, sai an jera irinta sama da goma sha biyar kafin a kai nan, kuma da numfashi ɗaya yake zuwa ya dawo, minti biyar ko fiye. Ruwan gishiri ma ba ya damunsa: akwai wata 'yar matata a saman idonsa mai tace gishirin, ya ɗigo ta baki ya kakkaɓe.

Ban da sarki, iri uku ne ke haihuwa a tsibirin. Akwai makaroni. E, na san kun yi dariya, amma ba ruwansa da tukunya. Wasu samari 'yan ƙwalisa ne aka yi a Ingila a ƙarni na 18 da ake yi wa laƙabi da makaroni, shi kuma tsuntsun yana da tukku rawaya da ya kwanto bisa gira kamar ɗan gaye, sai sunan ya bi shi. Gajere ne, mafaɗaci, mai son hawa gangaren dutse. Ƙwai biyu macen ke sakawa, na farko ƙarami, kuma kusan kullum na biyun ne ke zama ɗa. Yawansu a tsibirin ya ragu ƙwarai tun daga shekarun 1970. Akwai jento, mai jan baki da farin tabo a ka kamar ya ɗaura ɗankwali. Shi yana yin sheƙa da tsakuwa da ciyawa, kuma ba ya jin kunyar satar tsakuwar maƙwabci in ya juya baya. Na huɗun yana da baƙin zare da ya zagayo ƙarƙashin haɓa, kamar igiyar hular kwano. Ya fi yawa a can kudancin tsibirin.

To, mu koma kan tambayar takalmi. Shekaru aru-aru nisa ne ya tsare waɗannan halittu. Babu kura, babu kyanwa, babu ɓera, babu mutum, shi ya sa har yau ba su san gudun mutum ba. Bayan Kuk ya koma gida ya ba da labari, mafarauta suka yi ca. Suka fara da sil, wata dabbar teku mai shayarwa da ta ɗan yi kama da ayu, don fatarta da kitsenta, har suka kusa ƙarar da ita. Da yake babu itace, fengwin ma an sa shi a wuta a madadin makamashi, saboda kitsensa. A 1904 wani ɗan ƙasar Nowe, Kal Anton Lasan, ya kafa masana'anta a Giritbiken don narkar da kitsen wel, babbar dabbar tekun nan da Larabawa ke kira hut. Daga lokacin zuwa tsakiyar shekarun 1960 an kashe wajen 175,000 a tsibirin. Tankunan man na nan har yanzu sun yi tsatsa, fengwin na yawo a tsakaninsu.

Mutanen sun tafi, amma sun bar baƙin da suka zo da su. Ɓeraye sun sauko daga jirage suka bazu, suka yi ta cinye ƙwai da 'ya'yan ƙananan tsuntsaye masu sheƙa a ƙasa da cikin rami, miliyoyi. An kuma kawo wata irin barewa ta ƙasashen sanyi a 1911 don nama, ta hayayyafa ta cinye ciyawar da tsuntsaye ke fakewa a ciki. Gyaran wannan ɓarna bai zo da sauƙi ba. An kawar da barewar, fiye da 6,000, a 2013 da 2014. Ɓeraye kuwa sai da aka yi amfani da jirage masu saukar ungulu, aka watsa fiye da tan 300 na maganin ɓera tsakanin 2011 da 2015, aka kashe wajen fam miliyan 10. Sa'an nan aka bi tsibirin da karnuka ana shinshinawa, sai a Mayun 2018 aka ba da sanarwar babu saura. Yanzu ka gane dalilin karen da ke shiga jirgi. Ɓera mace guda mai ciki ta isa ta mai da hannun agogo baya.

Akwai kuma baƙon da kare ba ya jin warinsa. Tambayi Baba ko Inna labarin murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma masu kiwo da yawa a Kano da kewaye sun ga yadda akurki ke zama wayam cikin 'yan kwanaki. Dangin wannan cuta ce ta bi tsuntsaye masu ƙaura har ta isa Amurka ta Kudu a ƙarshen 2022. A Oktoban 2023 aka same ta a Jojiya ta Kudu, a jikin sikuwa. Ta kashe sil masu yawan gaske, a 2024 kuma aka tabbatar da ita a jikin wasu sarakunan fengwin da jento. Aka rufe wurare da dama, baƙi suka koma kallo daga cikin kwalekwale. Ba mutum ne ya kai ta ba, amma mutum na iya ɗaukar ta daga wannan gaɓa zuwa waccan a tafin takalmi, a wurin da tsuntsaye ke tsaye kafaɗa da kafaɗa.

Tun daga lokacin aka ƙara tsaurara doka. In ka sauka ba ka zama a ƙasa, ba ka durƙusawa, ba ka ajiye jaka. Wahalar ita ce su 'ya'yan ba su san da wata doka ba. Kana tsaye sai ka ga wani buzu-buzu ya baro 'yan'uwansa ya nufo ka, yana leƙen takalminka, yana miƙa wuya zai ja bakin wandonka. Hannunka zai yi ƙaiƙayi. Jagoranku zai yi maka alama ka ja da baya a hankali, shi kuma ɗan ya biyo ka, ka sake ja. In kun koma jirgi, buroshi da ruwan magani na jiran ku a bakin ƙofa, kafin a kai ga shayi.